Zango da Sansani: Raddi ga Masu Son Wasan Yaƙi Marar Hujja

Akwai gardamar da ta daɗe tsakanin masu buga wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta, irin waɗanda ake ba mutum sarauta da dawaki da ganuwa, a ce ya faɗaɗa ƙasarsa. Wasu suna neman a sa ƙa'idar da za ta hana sarki ɗaura yaƙi sai ya kawo hujja, a kuma buɗe masa ƙofar aika manzo da ƙulla amana da neman sulhu. Wasu kuwa suna ganin wannan ɓata lokaci ne, wai mutum hutawa ya zo yi, a bar shi ya ja daga duk lokacin da ya ga dama. Idan zancen ya biyo ta kan ƙasashen baƙar fata sai su ƙara wata maganar da ta fi ta farko muni, su ce ai yaƙin mutanen da a nan hari ne kawai da kamun bayi, babu doka, babu wasiƙa, babu jakada. Wannan magana ƙarya ce, kuma wasan da aka gina a kanta ƙarya yake koyarwa.

Wasanni biyu sun isa misali. Crusader Kings III, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2020, ba ya barin sarki ya far wa maƙwabcinsa sai yana riƙe da dalili, ko na gado, ko na addini, ko na iƙirarin mallakar wata ƙasa. Taswirarsa ta haɗa da ƙasar Hausa, har ana iya fara wasa da Daurama ta Daura a shekarar 867. Mount & Blade II: Bannerlord kuwa, na kamfanin TaleWorlds na Turkiyya, ya fito da faɗa mai ƙayatarwa a filin daga, amma a farkon fitowarsa hulɗar masarautu a cikinsa ba ta wuce yaƙi da sulhu da biyan haraji ba. Wannan giɓi ne ya sa 'yan wasa da kansu suka riƙa yi masa ƙari, suka shigar da ƙawance da alkawarin rashin kai hari da gajiyar da yaƙi ke jawo wa jama'a. Waɗannan masu ƙari suna da gaskiya, sai dai ba su kai ƙarshen gaskiyar ba.

Shaida ta farko harshen Hausa ne kansa, kuma ɗalibin Hausa ya fi kowa cancantar lura da ita. Bahaushe bai tara duk zubar da jini a kalma ɗaya ba. Yaƙi daban, hari daban: yaƙi ana yi masa shiri da shela da tuta, hari kuwa a faɗa wa mutane ne ba zato, a kwashe a juya. Tawaye na wanda ya taɓa bin sarki ne ya juya masa baya. Caffa miƙa wuya ce ga mai ƙarfi domin neman inuwarsa. Amana, a tsarin daular Sakkwato, matsayi ne na jama'ar da ba Musulmi ba waɗanda suka yarda su biya abin da aka yanka musu a bar su da zamansu. Garkuwa sunan makamin tare kibiya ne, kuma ita ce kalmar mutumin da aka riƙe domin a tabbatar da wani sharaɗi. Ga manzo, ga jakada, ga sulhu, ga gaisuwa wadda sau da yawa haraji ce da aka sa mata riga. Harshe ba ya ƙera kalmomi masu yawa haka ga abin da masu shi ba su sani ba.

Shaida ta biyu a rubuce take. Bayan faɗuwar Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya rubuta wa shugabannin jihadi yana tambayar hujjar yaƙar Barno, ƙasar da ake salla da azumi. Tushen hujjarsa shi ne cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Muhammadu Bello ya mayar da amsa, ya kafa tasa hujjar a kan taimakon da mai mulkin Barno ya ba sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, ya kuma adana wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisur. Wato mutane biyu masu rundunoni sun ga wajibi ne su yi jayayya da alƙalami a kan halaccin abin da takobi ke yi. Kusan shekara 200 kafin haka, a 1615, Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta amsa a kan wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba, ya ambaci Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da ba a taɓa mutanensu. Tarihin Kano kuma ya kawo cewa a zamanin Sarki Shekarau, tsakiyar ƙarni na 17, malamai ne suka shiga tsakanin Kano da Katsina aka yi sulhu bayan dogon gaba. Hujjar yaƙi a nan ita ce ke yanke wanda zai kwana ɗa da wanda zai wayi gari bawa.

Mai jayayya zai ce waɗannan manyan birane ne masu malamai da tawada, amma ƙasashen da ke nesa da su fa? Amsar tana kan hanyar goro, a arewacin ƙasar Togo ta yau, tsakanin Sokode da Dapaong, tafiyar kusan kilomita 300. Abubuwan da suka faru a can na ƙarni na 18 da na 19 ne, sun yi nesa da zamanin da waɗannan wasanni ke kwaikwaya, amma kayan aikin ɗaya ne: doki, mashi, ganuwa da ayari.

Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan tsallaka Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta ƙasar Kotokoli, kafin su kai kasuwar Salaga. A ƙasar Kotokoli, inda Sokode take yanzu, masarautar Cawujo ce ke da iko, kuma babbar sarautarta takan zaga tsakanin wasu garuruwa na zuriyar Mola. A gefenta aka kafa Didawure, unguwar baƙi Musulmi 'yan kasuwa, Wangarawa da Hausawa da wasunsu, da limaminsu da shugabansu. Wannan zama yarjejeniya ce ko da ba a sa mata hannu a takarda ba. Sarki yana ba ayari kariya da masauki, madugu yana biyan kuɗin fito, baƙo yana kawo tufa da kanwa da ilmin rubutu. Sarkin da ya washe ayari zai ci ribar kwana ɗaya, amma labari zai riga shi isa Kano, baɗi madugai su sake hanya, kasuwarsa ta mutu. Ko yaƙin da aka yi a nesa yakan taɓa hanyar: da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 Salaga ta fita daga hannun Asante, cinikin goro ya rikice, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta. Wasan da yake barin sarki ya yi yaƙi hanya ba ta ji a jikinta ba, bai san abin da ke ciyar da sarauta ba.

Idan Sokode ta nuna zango, arewa da ita akwai sansani. Garin Mango, kudu da Dapaong a bakin kogin Oti, cikakken sunansa Sansanne-Mango, kuma kashin farko na sunan kalmar Hausa ce, sansani, wato masaukin mayaƙa. Mutanen Anufo, waɗanda ake kira Cokosi, sun taso daga yankin Ano a ƙasar Kwaddebuwa ta yau a ƙarni na 18 a matsayin mayaƙan haya. Sun yi wa Gwanja aiki, suka yi wa Mamprusi, daga baya suka zauna a Mango suka riƙa karɓar haraji da kai hari kan maƙwabtansu, cikinsu har da Moba da Gurmawa na yankin Dapaong. Wanda ya hau duwatsun Nok kusa da Dapaong zai tarar da rumbunan laka fiye da 100 a cikin kogunan gefen dutse, inda mutane ke ɓuya da hatsinsu idan mahaya sun taso.

A nan mai jayayya zai yi murna ya ce to ga hari marar hujja. Amma rumbunan Nok shaida ce a kansa. Mayaƙan Mango sun shigo ƙasar ne ta hanyar yarjejeniya da sarakunan da suka yi hayarsu, kuma bayan sun zauna, bambanci tsakanin garin da ke biyan haraji da wanda ya ƙi shi ne bambanci tsakanin kwana a gida da kwana a kogo. Zalunci ne, amma zalunci mai lissafi, wanda ya san wa zai taɓa da wa zai ƙyale. Abin da wasan yake ɓoyewa kuma shi ne mutumin da ke cikin kogon. A allon kwamfuta ƙauye lamba ce da ke ƙara wa mai hari dukiya. A Nok ƙauye mata ne da suka hau dutse da tulun ruwa a ka.

Sai dai masu neman a shigar da hujjar yaƙi su ma suna da nasu ramin da za su iya faɗawa. Idan hujja ta zama maɓalli da ake dannawa bayan an jira 'yan watanni na cikin wasa, an koya wa ɗan wasa darasin da ya fi na farko haɗari, wato cewa hujja kaya ce da ake ƙerawa idan an riga an yanke shawarar cin ƙasa. A Crusader Kings sarki yana iya sa malamin fadarsa ya ƙago masa iƙirarin mallakar ƙasar da ba tasa ba. Mutanen Togo sun ga wannan da idonsu. A 1884 Gustav Nachtigal ya ƙulla takardar kariya a bakin teku da sunan Jamus. A 1889 Ludwig Wolf ya ƙulla wata da Uro Jobo Bukari na Faratawo, mai mulkin Cawujo, wanda ya ga amfanin ƙawance da baƙin domin ƙarfafa mulkinsa, mahayansa kuma suka taimaka wa Jamusawa a yaƙe-yaƙensu na arewa. A 1894 Lugard da Bafaranshe Decoeur suka yi tseren isa Nikki, kowa na neman ya riga ɗan'uwansa samun hannun sarki a takarda. A 1897 Faransa da Jamus suka zauna a Faris suka raba yankin, Mango ta faɗa hannun Jamus. Waɗannan takardu hujjoji ne da Turawa suka tanada domin su nuna wa junansu, waɗanda aka rubuta su a kan ƙasarsu kuwa ba a tambaye su ba ranar rabo.

Saboda haka ƙa'idar da ta dace a sa wa wasa ita ce wadda za ta sa hujja ta zama abin da wasu ke aunawa. Sarki ya kawo dalilinsa, malaman garinsa su karɓa ko su ƙi, kuma idan sun ƙi wasu hakimai su noƙe da dawakinsu. Maƙwabci ya sami damar rubuto raddi kamar yadda al-Kanemi ya yi, raddin kuma ya rage wa mai yaƙi magoya baya. Madugai su riƙe tarihin kowane sarki, su kauce wa ƙasar wanda ya ci amana. Mayaƙan haya su iya zama a ƙasar da aka kira su, su zama iyayen gijin wanda ya yi hayarsu. Garin da aka cika kai wa hari ya watse ya hau dutse, harajinsa ya ƙafe. Sulhu ya buƙaci mai shiga tsakani wanda ɓangarorin biyu ke jin kunyarsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai rage daɗin wasa, domin mai dara ya san cewa wasan da ba a cin mutum a kan kuskurensa ba ya daɗewa a hannu.

Wani zai ce duk wannan a kan wasa ne kawai. Amma yaron da ke zangon Sokode ko na Dapaong, ko na Kano da Maraɗi, yana iya shafe sa'o'i a gaban irin wannan allo fiye da waɗanda zai shafe a kan littafin tarihi, kuma a nan yake ɗaukar hoton yadda sarakuna ke tunani. Yankin Dapaong kuma ba labarin da kaɗai yake ji ba. Tun ƙarshen 2021 'yan bindiga daga iyakar Burkina Faso suke kai hare-hare a gundumar Kpendjal, a watan Mayu na 2022 suka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi, a watan Yuni na wannan shekara gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes baki ɗaya. Masu kai waɗannan hare-hare su ma suna zuwa da abin da suke kira hujja. Matashin da ya saba da cewa hujjar yaƙi ana tuhumarta, ana neman wanda ya ba da ita da wanda zai biya kuɗinta, ya fi wanda ya saba da danna maɓalli shirin jin irin wannan kira.

Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma waɗanda suka faɗi haka sun san sarauta sun san yaƙi. Sun bar kalmomi goma na rarrabe faɗa da sulhu, sun bar wasiƙun jayayya a kan halaccin jan daga, sun bar sunan sansani a kan wani gari na bakin Oti da zanguna a kan hanyar Gwanja. Mai ƙera wasan da ya ɗauki dawakinsu ya bar manzanninsu, rabin tarihinsu ya ɗauka, kuma rabin da ya fi sauƙin zanawa.