Mai jirgin yaƙi zai koma gida, mu ina za mu?

Jama'ar Zango da Sainte-Rita,

Kafin ku ba wani ƙuri'arku, ku tambaye shi: idan wata babbar ƙasa ta ce za ta kai yaƙi maƙwabta da sunan gyara, za ka goya mata baya? Mu amsarmu a'a ce, ga dalili.

A 2011 jiragen NATO, da Faransa da Ingila da Amurka a gaba, suka yi ruwan bama-bamai a Libiya, wai don kare farar hula. A watan Oktoba aka kashe Gaddafi, masu jirage suka koma gidajensu. Makamai suka watsu cikin Sahara, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi. Faransa ta shigo Mali a Janairun 2013, ta fita a 2022, wutar ba ta mutu ba. Ta ci Burkina Faso, ta ci Nijar, yau ga ta a Alibori da Atakora. A Afrilun 2025 gwamnati da bakinta ta ce an kashe sojojinmu 54 a dajin W. 'Ya'yanmu ne.

Ku tuna kuma 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Bazoum a Yamai. Kwana huɗu bayan haka CEDEAO ta sa takunkumi, ta ba da wa'adin mako guda, Faransa na mara mata baya. Gwamnatinmu ta bi sahu, aka toshe gadar Malanville. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, amma ku kun san abin da kuka sha. Manyan motoci sun yi jerin gwano kaya na lalacewa. Albasar Galmi ta yi tsada a Dantokpa. Kayan Nijar da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Kwatano suka koma Lome, direba da ɗan dako da dillali suka zauna hannu rabbana. Mai zuwa jana'izar uwarsa a Gaya ko Dosso sai ya hau kwale-kwale. In barazana kaɗai ta yi wannan ɓarna, ina ga yaƙin kansa?

A Fabrairun 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin, Nijar kuwa ta bar ɓangarenta a rufe, tana zargin akwai sojan Faransa a ƙasarmu, gwamnati na musantawa. Zumuncin da aka tsinka a rana guda ya ƙi ɗinkuwa.

Ba mu goyon bayan juyin mulki. Mu da ke neman ƙuri'arku, yaya za mu so bindiga ta maye gurbinta? Amma ku dubi waɗanda suka sassauta lamarin. Malaman Najeriya ne suka je Yamai suka zauna da Janar Tiani. Majalisar dattawan Najeriya ce ta ce a bi hanyar sulhu. A Yunin 2024 tsofaffin shugabanninmu, Soglo da Boni Yayi, su ma suka taka da kansu. Da baki aka yi wannan aiki.

Wasu za su ce ƙaramar ƙasa ba ta iya wa 'yan ta'adda ita kaɗai. Gaskiya ne, taimakon kayan aiki da horo muna so. Sai dai sojan Benin da na Nijar daji ɗaya suke tsaro, in ba sa magana da juna, ba jirgin baƙon da zai cike giɓin.

Ga abin da za mu tsaya a kai: duk yarjejeniyar soja da wata ƙasa a kawo ta majalisa a Porto-Novo, a tattauna a fili. Kada a taɓa kai wa maƙwabci hari daga ƙasarmu. A zauna da Yamai har gada ta buɗe.

Ranar zaɓe ku fito da wuri, ku taho da iyalanku, ku zaɓi masu wannan magana. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.