Kwata a bakin Isa: a ga ruwa sau uku kafin a kafa dirka

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gomnati da ya samu garka a bakin kogin Isa, a Yamai ko Tillaberi ko Gaya, ba ya daɗewa sai sha'awar kwata ta kama shi, wato ƴar gadar katako mai shiga cikin ruwa, wurin ɗaure jirgi da zaman jefa fatsa ran Lahadi. Sha'awar ba laifi ba ce. Abin da ke cinye kuɗɗin mutane shi ne zaɓen wuri a rana ɗaya, kamar ana zaɓen filin gina kanti, alhali kogin ba ya zama inda aka bar shi.

A Yamai Isa yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ita ce jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa daga wajen Burkina, da laka da gaggawa. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, ruwan saman ƙasar Gine, wanda ke ɓata watanni cikin fadamun Mali, ba ya kai iyakar cikarsa nan sai wajen Janairu. Daga nan sai janyewa, har Mayu da Yuni su bar rairayi a inda jirage ke wucewa. A Yunin 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. A Satumbar 2020 kuwa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin birnin, ya fasa madatsar Lamorde, ya shiga gidajen mutane. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu kwata za ta rayu. Don haka mai hankali yakan je ya ga wurin cikin jan ruwa, ya koma cikin baƙin ruwa, ya sake komawa da bazara, kafin ya biya kafinta ko dala.

Sai kuma kwanar kogi. Gefen waje yana da zurfi, can giwan ruwa ke farauta, musamman inda akwai duwatsu, amma can ne ruwa ke cin gaɓa, yana tone gindin dirka a hankali. Gefen ciki lafiya lau yake, sai dai rairayi ke taruwa, bayan ƴan shekaru a iske kwata tsaye a kan tudu kamar rumfar mai shayi. Mai son karfasa ya nemi kusa da burgu, mai son tarwaɗa ya nemi laka da ruwa mai kwanciya. Babu wurin da ke ba da duka. Wanda ya san wannan ciki da bai shi ne Basarke, kuma goron da aka kai wa Sarkawan wurin ya fi kowane awo arha. Su ne kuma za su faɗi hanyar da dorina ke bi da dare in za ta fita kiwo, abin da mai sayar da garka ba ya cika ambata ba.

Game da gini, kwata mai iyo bisa tano-tano da aka toshe, ɗaure da sarƙa a tudu, ta fi dacewa da kogi mai hawa da sauka, don tana bin ruwa, kuma ana iya janye ta in jan ruwa ya taso da kututtura da tarin kainuwa. Mai kafaffun dirkoki ta fi kyaun gani, ta fi kuma saurin zama itacen wuta.

Akwai maganar da masu garka ba su son ji: takardar fili ba ta haɗa da kogi ba. Ruwa da gaɓarsa na cikin dukiyar al'umma da gomnati ke riƙe, saboda haka gini a kai yana bukatar izinin hukuma, kuma kamun kifi yana ƙarƙashin doka, wadda jami'an ruwa da daji ke tsaronta, ta hana kamu da guba ko nakiya. Wanda ya ja shinge har cikin ruwa, ya tare mashayar shanu da wurin wankin mata da matsayar jiragen masunta, ya sayi rigimar da mai gari zai daɗe yana sasantawa. Hanya ƴar ƙarama da aka bari a gefen garka takan sa maƙwabta su zama masu gadin kwata.

Ranar amfani, asuba da la'asar sakaliya su ne lokutan da kifi ke ci. Yara kada su hau sai da babba, don katako mai gansakuka yana da santsi, kuma kada a bar su wanka a ruwan gefe mai ciyawa, inda ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya ke zama. Ƙananan kifi a mayar da su ruwa. Sarƙa da ƙusoshi kuwa a duba su cikin Yuli, tun Sirba ba ta aiko da jan ruwanta ba.