Annoba Ta Tsai Da Jirgi, Kada Ta Tsai Da Mai Duban Gada

Sanannen abu ne ga mutanen ƙasar Gumel cewa babu dogo a Sule Tankarkar, babu shi kuma a Maigatari. Amma duk falken da ya taɓa ɗaure buhun gyaɗa a wannan yanki ya san tashar Gagarawa, wadda ke bisa hanyar jirgin da ta tashi daga Kano, ta bi ta Ringim da Taura, ta wuce Malam Madori da Birniwa, ta tuƙe a Nguru cikin shekarar 1930. Ƙarƙashin wannan hanya akwai gadoji da kwalbatoci masu yawa, waɗanda ba mai tunawa da su sai ran da ɗaya ta karye. To, maganar yau a kan ma'aikatan da ke duban waɗannan gadoji take, da abin da ya wajaba a yi da su kadan annoba ta sauka.

Babu musu, jirgi yana ɗaukar cuta kamar yadda yake ɗaukar kaya. A 1918 murar nan da tsofaffi ke kira marisuwa ta sauka Ikko daga jirgin ruwa, ta biyo dogo har Kano cikin 'yan makonni. Saboda haka, da korona ta bayyana a Ikko ran 27 ga Fabrairu 2020, hukumar reluwe ta tsai da jiragen fasinja cikin watan Maris, daga baya aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha har farkon Yuli. Mai hankali ba zai ga laifin wannan ba, gama tarago ɗaya maƙare da mutane ya isa ya raba ciwo ga garuruwa goma.

Amma fa hukuncin fasinja daban ne da na mai duban gada, domin ruwa bai san dokar kulle ba. Cikin wannan shekara ta 2020 ɗin, mutane suna fama da tsoron cuta, damina ta zo wa Jigawa da ambaliya, Kogin Haɗeja ya yi toroƙo, ya ci gidaje da gonaki. Ƙasar nan kuwa rairayi ce, ba ta da wuyar zaizayewa. Ruwa yakan kwashe ƙasar da ke gindin ginshiƙin gada a ɓoye, sama kuwa ƙarfe yana nan shimfiɗe kamar babu abin da ya faru. Tsatsa tana cin ƙusa, gara tana cin katako, yayi da kara suna toshe bakin kwalbati. Ba a sanin waɗannan daga ofis. Sai mutum ya taka da ƙafarsa, ya sauka ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma ya ji amonsa, ya auna inda ruwan bara ya tsaya, ya rubuta.

Wanda ke ganin toshewar kwalbati ƙaramin abu ne, ya tuna da Mokwa, garin da kowace motar shanu mai zuwa Ikko ta sani. Ran 29 ga Mayu 2025 ruwa ya afka wa garin, mutum fiye da 150 suka rasu. Labarin da ya fito shi ne ruwan sama ya taru bayan tudun hanyar jirgi, mafitarsa ta toshe, har tudun ya fashe bisa unguwanni. Wannan ya faru ne lokacin da babu annoba, babu kulle. Ina ga shekarar da aka ce kowa ya zauna gida? Darasinsa kuwa shi ne, ko jirgi yana bin hanya ko ba ya bi, tudunta da gadojinta suna nan suna tare ruwa, kuma akwai talakawa kwance a gangarensu.

Malamai sun fi kowa sanin cewa gudun annoba bai zama izinin barin amana ba. Zamanin annobar Amawas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umaru, Allah Ya yarda da shi, ya juya daga hanya bai shiga da jama'arsa ba. Daga baya Amru ɗan Asi ya umurci mutane su warwatsu cikin duwatsu, cutar ta lafa. Watau an raba taro, amma ba a watsar da tsaron ƙasa ba. Duban gada yana cikin ayyukan da kadan wasu suka tsaya musu sun ɗauke wa saura, kadan kuwa kowa ya bari, alhakin ran da ya salwanta yana wuyan masu iko duka.

Sa'an nan aikin kansa a fili ake yinsa, cikin iska da rana, inda cuta ba ta cika samun kafa ba. Hatsarin yana wajen tafiya da wajen kwana da wajen cin abinci. Saboda haka abin da ya kamata shi ne a rage yawan 'yan ƙungiya, uku ko huɗu da shugabansu, kada a riƙa cuɗanya su da wata ƙungiya, domin in ɗaya ya kamu kada aikin layin duka ya tsaya. A ba kowace ƙungiya yankin da ke kusa da garinta, su kwana gidajensu maimakon a cusa su ɗaki ɗaya. Kowa ya riƙe gudumarsa da butarsa, a ba su sabulu da ƙyallen rufe hanci, a sa su cikin sahun farko na allurar rigakafi. A ba su takardar izini tun kafin a rufe hanya, don kada a komo da su daga shinge. Wanda zazzaɓi ya kama ya zauna gida, kuma a biya shi ladarsa cikakkiya, gama leburan da ke tsoron yankan albashi ɓoye ciwonsa zai yi.

Kada a ce korona ta wuce, maganar ta wuce. Sanƙarau yakan zo da bazara, kamar yadda ya yi wa Jigawa ɓarna a 2023, bazara kuwa ita ce lokacin share kwalbati kafin ruwan farko. Kwalara takan zo da damina, lokacin da gada ta fi bukatar ido. Tilas ne a tsara wannan shiri tun ana lafiya, a rubuta shi, hakimai da dagatai su san da shi.

Jama'a ma suna da nasu rabo. Liman ya faɗa wa mutanen gefen dogo cewa zuba shara a bakin kwalbati, da haƙar yashi a gindin gada, da kwance ƙarfe don sayarwa, cutar da bayin Allah ne. Mai sayen tsohon ƙarfe ya ƙi karɓar ƙusar reluwe ko da an ba shi da araha. Falken da ke kai shanu daga kasuwar Alhamis ta Maigatari, ko mai riɗi da zoɓo daga Sule Tankarkar, in ya ga tsaga a gada bisa hanyarsa ya sanar da dagaci, dagaci ya kai gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah Ya kiyashe bayinsa daga annoba da ambaliya, Ya saka wa masu tsaron hanya da alheri, amin.