Festing ya samu lambar girma, mu me muka samu?

Kwanakin nan wasu 'yan'uwanmu a zangunan Ghana na yaɗa tsofaffin zane-zanen sojojin Hausa da suka yi wa Ingila yaƙi, suna yi musu kirarin jarumta. Muna roƙonsu su dakata su karanta tarihin mutumin da kakannin nan suka bi, wato Francis Festing.

An haifi Festing a 1833, ya shiga rundunar Royal Marines, sojojin ruwan Ingila masu sauka tudu su yi yaƙi, a 1850. Ya yi yaƙin Kirimiya, ya yi na Sin. A watan Yunin 1873 ya sauka Cape Coast, a daidai lokacin da rundunar Tonawa ta Sarki Kofi Karikari ke dab da bakin teku. Ran 13 ga watan, shi da Kyaftin Fremantle suka sa aka yi wa tsohon garin Elmina ruwan igwa har ya zama toka, saboda mutanensa sun ƙi mulkin Ingila bayan Turawan Holan sun miƙa garin a 1872. A cikin dakarun da suka kara da Tonawa a ranar akwai Hausawa. Daga baya an ji masa rauni a kusa da Dunkwa. Da Wolseley ya ƙone Kumasi a Fabrairun 1874, Festing ya koma gida aka ba shi lambar girma da muƙamin Sir. Ya mutu a 1886 yana Manjo Janar.

Shi an rubuta rayuwarsa shekara bi shekara. Su kuwa namu, rahotannin Turawa sun fi ambatonsu da adadi. Da yawansu bayi ne da suka gudu, irin waɗanda Glover ya fara ɗauka a Legas a 1863, ba su da mafaka sai barikin Bature. Tausayi da addu'a suka cancanta daga gare mu. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Abin da masu kirarin suka manta shi ne nasarar nan fataken Hausa ta fi cutarwa. Bayan faɗuwar Kumasi, Salaga ta ɓalle daga Tonawa, su kuma suka karkatar da goro zuwa Kintampo, kasuwar da ta ciyar da ayarin Kano da Katsina ta fara dusashewa.

Sannan duk wanda ya ɗora asalinmu a kan bindigar Festing ya miƙa wa masu kiranmu baƙi sandar dukanmu. Tun kafin Festing ya taka ƙasar nan kakanninmu ke fataucin goro a Gwanja, da jakuna da allo da tawada. In abin alfahari muke nema, ga Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934 ya bar ɗalibai da rubuce-rubuce. Tarihinsa ya kamata mu koya wa yaranmu a makarantun zango.