Jami'ar Likitocin Soja ta Amurka da Darasin da ke Cikinta

A ranar 21 ga Satumba, 1972, Shugaba Richard Nixon na Amurka ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Jami'ar Kimiyyar Kiwon Lafiya ta Rundunonin Soja, wadda aka gina a garin Betesda, daf da birnin Washinton. Ɗalibanta na farko sun shiga aji a 1976, kuma a 1980 ta yaye likitoci 29. Yau takan ɗauki kimanin ɗalibai 170 a kowace shekara a sashen koyon aikin likita kaɗai, ban da sashen horar da manyan ma'aikatan jinya da aka buɗe a 1993. Muna ganin ya dace ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su san dalilin kafa wannan jami'a, da abin da ta haifar, da kuma sukar da ta sha.

Ba sha'awa ce ta kawo ta ba, matsuwa ce. Tun daga 1950 Amurka ta dogara ne da dokar ɗibar likitoci aikin soja ala tilas. Likita yakan yi ɗan wa'adin da aka yanka masa, ya tuɓe kaki, ya koma asibitinsa inda ya fi samun kuɗi. Da yaƙin Biyetnam ya sa jama'a suka ƙi jinin ɗibar soja ta tilas, har aka daina ta a 1973, sai ya tabbata cewa wannan rijiya za ta ƙafe. Wani ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Luwiziyana, Edward Hebert, ya daɗe yana fafutukar cewa tun da ƙasa tana da makarantun horar da hafsoshin yaƙi, wajibi ne ta mallaki tata ta horar da masu jinyarsu. Sunansa sashen likitanci na jami'ar yake ɗauke da shi a yau.

Tsarin da aka shimfiɗa ba shi da wuyar fahimta. Ɗalibi ba ya biyan kuɗin makaranta. Tun ranar da ya shiga ake naɗa shi ƙaramin hafsa a rundunar mayaƙan ƙasa, ko ta ruwa, ko ta sama, ko kuma a hukumar kiwon lafiyar jama'a mai sanye da kaki, yana karɓar albashi har ya gama shekaru huɗu na karatu. Shi kuma ya ɗauki alkawarin yi wa ƙasa aiki na shekara bakwai, kuma ba a lissafa shekarun da ya yi yana horon ƙwarewa a cikinsu. Watau gwamnati ta sauke masa nauyin bashin karatu, wanda ke danne likitocin Amurka da yawa, shi kuwa ya biya da ƙuruciyarsa.

To, me ya hana a ɗauko likita daga kowace jami'a a ɗinka masa kaki? Amsar tana cikin abin da ake koyarwa. Likitan gari yana da wuta, da ruwa, da ɗakin tiyata, da ma'ajiyar jini. Likitan fagen fama sau da yawa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Don haka ban da darussan da kowace makarantar likitanci take bayarwa, ana koya wa ɗaliban Betesda cututtukan ƙasashe masu zafi, da tsabtar sansani, da illar makamai masu guba, da jinyar wanda firgicin yaƙi ya taɓa wa hankali, da shugabancin mutane a cikin ruɗani. A shekarar ƙarshe akan fitar da su daji a Jihar Fensilbaniya, a wani atisaye mai suna Bushmaster, inda ake kwararo musu masu kwaikwayon rauni fiye da yadda hannuwansu za su iya ɗauka, cikin dare da gajiya, don su koyi zaɓen wanda za a fara ceto. Wannan hukunci ne mai nauyi, kuma ba ranar yaƙi ya kamata mutum ya fara cin karo da shi ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sashe na biyu na aikin shi ne bincike. Jami'ar tana maƙwabtaka da babban asibitin soja na Walter Reed, sa'an nan Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa suna tsallaken titi. A 1993 aka mayar da cibiyar binciken illar tururin nukiliya ga jikin ɗan Adam, wadda aka kafa a 1961, ƙarƙashinta. Amfanin irin wannan bincike ya fito fili a yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan. Wani nazari da likitocin sojan Amurka suka buga a 2012 ya bi diddigin mutuwar sojoji 4,596 tsakanin 2001 da 2011. An gano cewa kashi 87 cikin ɗari sun cika ne kafin a kai su asibiti, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan ana iya ceto su, mafi yawansu zubar jini ce ta kashe su. Irin wannan ƙididdiga ce ta tabbatar da darajar ɗamarar tsayar da jini, wadda likitoci suka daɗe suna ɗari-ɗari da ita don tsoron kada ta jawo yanke ƙafa ko hannu. A 2015 aka ƙaddamar da gangamin koya wa farar hula dabarar tsayar da jini a duk faɗin Amurka, kuma malaman wannan jami'a suna cikin waɗanda suka yi aikin.

Ba yau aka fara cin moriyar likitocin soja ba. Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa, shi ne ya fara ganin ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini, a Aljeriya, a 1880. Ronald Ross ya tabbatar a Indiya a 1897 cewa sauro ne yake ɗauke da ita. A 1900 Manjo Walter Reed da abokan aikinsa suka nuna a Kyuba cewa sauro ne yake yaɗa shawara. Har ila yau, cibiyar binciken sojan ƙasa mai ɗauke da sunansa, wadda take dabam da jami'ar, ta taka rawa wajen samar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara rarrabawa ga yara a Gana, da Kenya, da Malawi a 2019, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021.

Duk da haka jami'ar ba ta tsira daga suka ba. A 1993 kwamitin tsuke bakin aljihun gwamnati na Mataimakin Shugaba Al Gore ya ba da shawarar a rufe ta. Hujjarsa ita ce, dokar 1972 ɗin nan ta kuma kafa tsarin biya wa ɗalibai karatu a jami'o'in farar hula, wanda ya fi araha, kuma shi ne yake samar da mafi yawan likitocin soja. Majalisar Dokoki ta ƙi yarda, domin masu kare jami'ar sun nuna cewa ɗalibanta sun fi daɗewa a bakin aiki, kuma daga cikinsu ake samun shugabanni da malamai masu riƙe da ilimin da aka saya da jini. A ganinmu hujjar Majalisar ta fi ƙarfi. Wanda ya ƙirga kuɗin yaye likita ɗaya bai gama lissafi ba, sai ya raba shi da yawan shekarun da likitan zai yi yana aiki.

Akwai kuma wani haɗari wanda kuɗi ba ya auna shi. Likitan soja bawan iyayengiji biyu ne, kwamandansa da majinyacinsa. Yarjejeniyar Jeniba ta 1949 ta wajabta a yi wa duk wanda ya ji rauni magani ba tare da bambanci ba, ko da abokin gaba ne, kuma tsananin rauni ne kawai zai sa a gabatar da wani a kan wani. Makarantar da ta koyar da tiyata ta bar wannan darasi ba ta cika aikinta ba.

Wannan magana ta shafe mu. Tun 2009 sojojin Nijeriya suke fafatawa a Arewa maso Gabas, masu rauni kuma suna isa asibitoci irin su Asibitin Soja na 44 da ke Kaduna, alhali likitocinmu suna ta ficewa zuwa ƙasashen waje. Ba muna cewa a kwafo Betesda dungurungum ba ne, gama kowace ƙasa da ƙarfin aljihunta. Kiranmu ga Ma'aikatar Tsaro da Ma'aikatar Lafiya shi ne su ɗauki abubuwa uku: a ɗauki nauyin karatun ɗalibai a kan alkawarin aiki na shekaru sanannu, a cika musu nasu haƙƙin a kan kari, a koyar da jinyar fagen fama tun daga makaranta, a kuma rubuta kowane rauni da kowace mutuwa domin a yi nazarinsu. Sojan da ya ba da jininsa yana da haƙƙin samun likitan da aka shirya dominsa tun kafin a buga tambarin yaƙi.