Kayan Wasan da Aka Hana Wasa da Su



A wannan makon muna so mu yi magana a kan kayan wasa. Kada wani ya ce ai mun girma, wannan zancen 'yan firamare ne. Ku daure ku karanta har ƙarshe, domin akwai maganar kuɗi a ciki, akwai kuma maganar karatunmu.

A ƙasar Denmak da ke Turai akwai wani kamfani mai suna LEGO. Wani kafinta ne ya kafa shi a shekarar 1932, sunansa Ole Kirk Christiansen, a wani ƙaramin gari da ake kira Billund. Da katako ya fara yin kayan wasan yara. Daga baya kamfanin ya koma yin wasu 'yan ƙananan bulo na roba masu haƙora, waɗanda ake maƙala ɗaya a kan ɗaya. Da su yaro zai gina gida, ko mota, ko jirgi, in ya gaji ya wargaza ya sake gina wani abin. Sunan LEGO ma daga harshensu aka ciro shi, ma'anarsa a yi wasa da kyau.

To amma yanzu manya sun shigo cikin harkar. Akwai masu sayen kwalin LEGO su ɓoye shi a ɗaki ba tare da sun buɗe ba. Jira suke yi kamfanin ya daina yin irinsa, sannan su fito da shi su sayar da tsada. Mun san irin wannan a nan, domin haka wasu 'yan kasuwa ke sayen gero da kaka su ajiye sai damina ta yi nisa.

Ga misali. A shekarar 2007 kamfanin ya fitar da wani jirgin sama na cikin fim mai suna Millennium Falcon. 'Yan bulon da ke cikin kwalin sun fi 5,000, kuma dalar Amurka 500 aka sa masa. A canjin yanzu wannan kuɗin ya haura naira 500,000. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai yi fiye da wata bakwai yana tara albashinsa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi abin wasa guda ɗaya. Da aka daina yin jirgin, sai masu ɓoyewa suka riƙa sayar da nasu a kan dubban daloli.

Har bincike aka yi a kai. Wasu masana a wata jami'a da ke Mosko, babban birnin Rasha, sun bi farashin kwali iri 2,322 daga 1987 zuwa 2015. Sun gano cewa a tsakaice farashin yana ƙaruwa da kashi 11 cikin 100 a kowace shekara, har ya fi zinare riba. Amma sun ga wasu kwalayen da darajarsu ta zube, masu su suka tafka asara.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne maganar maki. Akwai kamfanonin da aikinsu kawai su duba kayan wasa su ba su maki, kamar yadda malamai ke duba takardun jarrabawarmu. Ɗaya daga ciki yana Amurka, ana kiransa AFA, kuma makinsa yana kaiwa har 100. Mai kaya zai biya kuɗi ya aika musu da kwalinsa. Za su duba ko gefen kwalin ya lotsa, ko launinsa ya koɗe, ko an taɓa ɓare liƙin da ke bakinsa. Daga nan sai su rufe shi a cikin wani akwatin roba mai kama da gilashi, su manna takardar maki. Iya yawan makin, iya tsadar kayan. Ranar da aka fasa akwatin kuwa, makin ya tashi a banza.

Ku lura da kyau. Kwalin ake dubawa, ba a ga abin da ke ciki ba. Mai saye bai gani ba, mai sayarwa bai gani ba, mai ba da maki ma bai gani ba. Wannan shi ne Hausawa ke kira cinikin biri a sama.

Ba mu ce duba kaya laifi ba ne. Duk wanda ya taɓa bin babansa zuwa kasuwar dabbobi ta Wudil ran Juma'a ya ga yadda ake buɗe bakin rago a duba haƙora, a taɓa gadon bayansa a ji ko yana da nama. Amma shi ragon za a yi layya da shi ko suna, a ci nama. Ba mu kuma ce ajiye tsohon abu laifi ba ne. A Gidan Makama da ke Kano an ajiye kayan kakanninmu, kuma ɗalibai na zuwa su gani su ƙaru. Shi kuwa kwalin da aka kulle, wa ya ƙaru da shi? Tsadarsa ta dogara ne kawai a kan samun wani da zai biya fiye da abin da ka biya. A shekarar 2017 kamfanin LEGO ya fitar da sabon jirgin nan, mai 'yan bulo 7,541, sai farashin tsohon ya sauko. Waɗanda suka saya da tsada suka yi ta cizon yatsa.

Mu a ganinmu, amfanin kayan gini na wasa yana cikin ginawa ne. Kuma a wannan fannin mu 'yan Gaya da Ajingi ba baya ba ne. Da zarar an girbe dawa, kara ya samu. Mukan ɓare bayan karan mu yi tsinke da shi, mu yanka totuwar ciki, mu haɗa mota da jirgi har da tabarau. Da gwangwanin madara ko na tumatir muke yin tirela. Tsohon silifa shi ne taya, ko marfin kwalbar lemo. Wanda ya ƙware har fitila yake sa wa motarsa da batir da ƙwan tsohuwar tocila. 'Yan mata kuma suna gina tukwane da murhu na laka, su ɗinka wa 'yar tsana kaya da ƙyallen da tela ya zubar. LEGO yana zuwa da littafin da ke nuna inda za a sa kowane bulo. Mu babu littafi, daga kanmu muke fito da tsarin.

Duk wanda ya taɓa haɗa motar gwangwani ya san cewa in taya ɗaya ta fi sauran girma, motar karkacewa za ta yi. Ya san in sandar da ke riƙe tayoyi ta matse, ba za su juya ba. Ya san in kaya suka yi tsawo da yawa, motar za ta kife a kwana. Waɗannan abubuwan su ne ake rubuta mana a allo a darasin kimiyya da fasaha, da Turanci mai wuya, mu kwafa mu haddace. Ashe tun muna firamare hannunmu ya san su.

Amma abin yana neman ɓacewa. Yanzu ƙannenmu sun fi son motar roba ta kasuwa, wadda ba ta kwana uku ba ta karye ba. Mu kuma da muka ɗan tasa, wayar yayyenmu muke rububi. In aka ga ɗan sakandare da gwangwani a hannu sai a yi masa dariya, a ce ya zama ɗan bola. A gida ma wani lokaci cewa ake yi shiririta ce. Da haka mai basira yake jin kunya ya daina.

Bai kamata mu ji kunya ba. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka je Dutsen Dala neman tama, suka zauna a can, kuma har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. An ce ma sunan Kano daga sunan wani maƙeri ɗan Gaya aka samo shi. Ashe ƙira gadonmu ce. A zamanin nan ma akwai abin koyi. A shekarar 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, kuma ya ɗaga sama. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. A ƙasar Malawi, William Kamkwamba yana da shekara 14 ya haɗa injin da iska ke juyawa da tarkacen keke, ya kawo wa gidansu wuta. Shekara ɗaya kawai ya ba wasunmu.

Wannan ba yana nufin mun gamsu da rashi ba. Muna son ɗakin gwaji, muna son zarto da guduma da filaya a makaranta. In wani bawan Allah ya kawo mana LEGO ma muna so, amma a ranar za mu buɗe kwalin, kowa ya sa hannu.

Saboda haka muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu abu uku. Na farko, a ware mana rana ɗaya bayan girbi, lokacin da kara ya wadata, kowane aji ya kawo abin da ya ƙera, maza da mata. Na biyu, a gayyato kafinta da maƙeri da mai walda da bakanike daga cikin gari su zama alƙalai. In da hali a gayyato ɗalibai daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, tunda ba nisa. Su ba da maki a kan abu uku: yana aiki, yana da ƙwari, kuma wanda ya yi zai iya bayanin yadda ya yi? Dole alƙali ya taɓa, ya tura, ya juya. Na uku, a ajiye waɗanda suka yi fice a ofis da sunan mai su da shekara, don 'yan baya su gani su yi wanda ya fi.

Mu kuma ɗalibai akwai namu. Kada a fake da ƙira a gudu daga aji ko a ƙi zuwa Islamiyya. A kula da reza da bakin gwangwani, kada kuma a fasa batir, domin abin da ke ciki guba ne. Wanda ya iya ya koya wa ƙaninsa, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk mai ra'ayi a kan wannan magana, ko ya yarda da mu ko bai yarda ba, ya rubuto ya ba wa kulob, za mu liƙa a nan mako mai zuwa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga wakilin aji biyu na ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida.