Sigari da Farin Zane a Cikin Baki

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da sanyin Disamba ya sauko Jos sai ka ga waɗansunmu sun laɓe bayan ɗakin kwana da karan sigari, wai suna ɗumama jiki. Ruɗin kai ne, gama taba matse jijiyoyin jini ta ke yi, yatsu su ƙara sanyi. Amma ni a kan baki zan yi magana.

Akwai wani ciwo da likitoci su ke kira laiken filanas. Fararen zane ne siri-siri kamar yanar gizo, sukan fito cikin kumatu ko bisa harshe. Wani lokaci wurin ya yi ja ya saluɓe, har miya mai yaji ta gagari mutum. Ba a ɗaukarsa wurin wani, ko da moɗa ɗaya aka sha ruwa, domin garkuwar jiki ce ta ke juyowa ta faɗa wa fatar bakin. Lalle marasa shan taba ma sukan kamu. Amma fa wajen mutum 1 cikin 100 ciwon yakan rikiɗe ya zama sankara, taba kuwa ita kanta babbar mai kawo sankarar baki ce. To, malamin da zai yi shekaru yana magana gaban allo, ina dalilinsa na busa hayaƙi bisa wannan gyambo?

Dokar 2015 ta hana shan taba a makarantu, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma je Taminus ka sha kallo! Wanda ya ga zanen nan ya wuce mako 2 bai ɓace ba, ya bar kurkurar ruwan gishiri haka nan, ya tafi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos likitan haƙori ya duba shi.